Bayan an buga mota: yadda za ka gane ƙafa ta lanƙwashe kafin ka tafi alaimen

Duk wanda aka buga wa mota a Kano, inda idonsa ke fara sauka shi ne bamba da fitila da madigadi. A kansu ake cacar baki, a kansu ake sasantawa, mai laifi ya ce zai biya fanalbita da mai fenti, a yi musabaha a rabu. Bayan kwana uku mota ta fito tana sheƙi kamar ba abin da ya same ta. Ƙafa kuwa, wato ƙarafan nan da ke riƙe da taya, da wuya ka ga wanda ya durƙusa ya leƙa ta.

Abin ya taɓa faruwa da ni. Da damina ne, bayan magariba, a titin Zariya. Mai Adaidaita Sahu ya yanko gabana zai ɗauki fasinja, na kauce masa, tayar gaba ta hagu ta daki kankaren tsakiyar titi. Ba wani gudu nake ba. Washegari na ga sitiyari ya karkace, na kai wajen alaimen, wato saitin tayoyi, mutumin ya kwance notin tayarod, sandar da ke haɗa sitiyari da taya, ya murza, sitiyari ya dawo tsakiya. Na tambaye shi ko ba sai an duba ƙasa ba, ya ce, "Alhaji, ai shi ke nan, ka je kawai." Motar ta ci gaba da ja hagu kaɗan-kaɗan, har na saba da riƙe ta. Wata biyu bayan nan na tarar gefen waje na sabuwar taya ya cinye har waya ta leƙo, kuma da iyalina nake hawa babbar hanya a kan wannan tayar. Da aka ɗaga motar, ashe lowa-am ce ta lanƙwashe, wato ƙarfen ƙasa da ke haɗa taya da jikin mota.

Alaimen awo ne da saiti, ba ya miƙar da ƙarfen da ya lanƙwashe. Don haka bayan haɗari a fara gano abin da ya lalace, a canza shi, sannan a yi alaimen daga ƙarshe. Mafi yawan binciken nan za ka iya yin sa da kanka a ƙofar gida, da tef na awo, da zare, da tocila.

Abu uku da ake aunawa

Masu alaimen suna magana a kan to, kamba da kasta. Yana da kyau ka san su, don kada a yi maganar motarka a gabanka kana kallo.

To shi ne inda tayoyi suka fuskanta in ka kalle su daga sama: ko gabansu ya matso ciki, ko ya buɗe waje. Shi ya fi saurin cin taya. Tayar ƙaramar mota irin 195/65 R15 tsayinta kusan santimita 63 ne, to idan tazarar gaban tayoyin da ta bayansu ta bambanta da milimita 3 kacal, a kowace kilomita ɗaya ana gurzar su a kaikaice kusan mita 5. Lissafa daga nan zuwa Kaduna.

Kamba shi ne jinginar taya in ka tsaya a gaban mota. Idan samanta ya shige ciki ƙasanta ya buɗe, kamar mai gwame, gefen ciki ne zai cinye. Idan saman ne ya kwanto waje, gefen waje zai cinye, kuma mota takan ja zuwa ɓangaren da tayarsa ta fi kwantowa waje.

Kasta ba a ganinsa da ido kai tsaye. Ka tuna yadda ƙafar gaban keke ko babur take jingine baya. Wannan jinginar ce ke sa sitiyari ya koma tsakiya da kansa bayan ka sha kwana. In kastan ɓangare ɗaya ya ragu, mota za ta ja zuwa can.

Ga abin da mutane da yawa ba su sani ba. A motoci irin Corolla da Camry, to ne aka tanadar wa wurin saiti a gaba, ta tayarod. Kasta ba shi da wurin murzawa, kamba ma ɗan abin da za a iya motsa shi kaɗan ne. Idan suka kauce sosai bayan bugu, ba saiti ne ya goce ba, wani ƙarfe ne ya lanƙwashe ko ya matsa.

Na farko: a tuƙa ta ko a ja ta?

In akwai wanda ya ji rauni, asibiti ne farko, mota ta jira. In kowa lafiya, kafin ka tada ta ka zaga ka duba tayoyi huɗun. Kada ka tuƙa idan taya ɗaya na kallon wani waje daban da 'yar'uwarta, ko ta matsa baya tana goga madigadi, ko ka ga mai yana zuba ta bayan taya, ko birki ya yi laushi yana nutsewa, ko sitiyari yana juyawa taya ba ta bin sa. Kowanne daga cikin waɗannan, a nemi motar ja. Boljoyin, wato gaɓar da ke haɗa lowa-am da mazaunin taya, in ya tsage zai iya riƙewa har ka hau gadar Ƙofar Nasarawa, sannan ya saki. Ka ɗauki hoton tayar da aka buga ta gaba da ta gefe, kuma kada ka amince a rufe maganar biyan gyara a kan kuɗin bodi kaɗai. Ka ce sai an ɗaga mota an ga ƙafa.

Na biyu: ajiye ta a daɓe, ka kalle ta da kyau

Nemi wuri mai siminti wanda ba gangara. Fara da iska, domin taya mai ƙarancin iska na iya sa mota ja, ka yi ta zargin ƙarfe a banza. Adadin da ya dace yana rubuce a jikin ginshiƙin ƙofar direba, galibi tsakanin 30 da 35 ga ƙananan motoci. A sa geji, kada a wadatu da bugun taya da sifana.

Shafa gefen tayar da aka buga. Idan ka ji ƙulu ya kumburo kamar ƙwai, zaren cikinta ya tsinke. Mai faci ba shi da maganin wannan, kuma kada a ce a mai da ita baya. A zafin watan Afrilu a kan kwalta, irin wannan tayar ce ke fashewa ba sallama. Duba bakin wili ciki da waje. Na ƙarfe yakan lotsa, na aloyi yakan tsage, kuma tsagin ya fi ɓuya ta ciki.

Miƙar da sitiyari, ka ja baya kamar taku goma, ka tsuguna ka kalli motar ta gaba. Shin tayoyin biyu tsayuwarsu ɗaya? Shin wani ɓangare ya fi wani zama ƙasa? Auna da tef daga tsakiyar wili zuwa bakin madigadi, hagu da dama. Bambancin da ya wuce santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi abin bincike ne, in dai madigadin kansa bai lotsa ba.

Sai awon da na fi amincewa da shi. Sa yatsunka tsakanin bayan tayar gaba da madigadi, ka ƙirga nawa suka shiga, ka je ɗaya ɓangaren ka maimaita. In nan yatsa huɗu, can uku, taya ta matsa baya. Tabbatar da tef: auna daga tsakiyar wilin gaba zuwa tsakiyar na baya, a ɓangarorin biyu, sitiyari a miƙe. Ya kamata su zo kusan daidai. Bambancin santimita guda yana nuna lowa-am ta lanƙwashe, ko kuma gadon ƙarfen da ke ƙarƙashin inji, wanda ƙafafun ke ɗaure a jikinsa, ya gusa.

Na uku: zare

Ɗaura zare a jikin wani abu mai nauyi a bayan mota, ka ja shi ta gefenta zuwa gaba, daidai tsayin tsakiyar wili, ka ɗaure a wani abin. Daidaita shi har nisansa da tsakiyar wilin baya da na gaba ya zama kusan ɗaya. Yanzu auna daga zare zuwa bakin wili na gaba da na baya, a kowace taya. A lafiyayyar ƙafa awon biyu ba sa bambanta da fiye da milimita ɗaya ko biyu. Wannan ba zai maye gurbin inji ba, amma zai nuna maka wace taya ce ta kauce, kuma shi ne ke tona asirin tayar baya, wadda ba wanda ke zarginta.

Na huɗu: ɗaga ta, ka girgiza

A nan sai an yi hattara. Ja birkin hannu, sa dutse ko katako a tayoyin da ke ƙasa, kuma kada ka cusa kanka ko kafaɗarka ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. A tokare ta da ƙarfen tokara ko kakkauran katako. Bulo yana farfashewa. In ba ka da kayan, yi wannan matakin a gareji, kana tsaye kana gani.

Ka ɗauki taya kamar fuskar agogo. Kama ta a ƙarfe 3 da ƙarfe 9, ka tura da hannu ɗaya kana jawowa da ɗayan. In ka ji ƙwas-ƙwas, ko ta motsa sitiyari bai motsa ba, tayarod ne, ko na waje ko na ciki. Sa wani ya dafa kan tayarod ɗin yayin da kake girgizawa, zai ji wasan a tafin hannunsa. Sannan kama ta a ƙarfe 12 da ƙarfe 6. Wasa a nan boljoyin ne ko boris, wato abin da taya ke juyawa a kansa. Don ka raba su, ka sa yaro ya taka birki ya riƙe, ka sake girgizawa: in wasan ya ɓace boris ne, in yana nan boljoyin ne ko bushin, wato robar da ke mahaɗar lowa-am da jikin mota.

Yanzu juya tayar. Ajiye bulo kusa da ita, ka ɗora sukudireba bakinsa ya kusa taɓa bakin wili, ka juya a hankali. In tazarar tana buɗewa tana rufewa, wani abu ya karkace. Cire wilin ka ɗaura na ɗaya ɓangaren. In rawar ta tafi, wili ne. In ta ci gaba, hob ɗin da wili ke ɗaure a kansa ne ya lanƙwashe. Yayin juyawar ka dafa sifirin, lalataccen boris yana aiko da gurza-gurza har hannunka.

Na biyar: tocila da kwatance

Babbar sa'ar mai bincike ita ce mota tana da ɓangare biyu iri ɗaya. Duk abin da ka kalla a inda aka buga, je ka kalli ɗan'uwansa a ɓangaren da ya tsira. Wasu ƙarafan da lanƙwasarsu aka ƙera su, kwatancen ne zai hana ka zargin mai lafiya.

Ƙarfen da ya lanƙwashe yana barin shaida. Ƙurar Kano da tsatsa da fenti sun yi masa ɓawo, in ya tanƙwaru ɓawon sai ya ɓare a daidai wurin, ka ga tabo mai haske ko sabuwar tsatsa ja. Bi lowa-am da tocila daga boljoyin har inda ta shiga bushin. Duba robar bushin ko ta yage. Duba notocin gadon ƙarfen nan na ƙarƙashin inji: in ka ga zoben wuri mai tsabta ya leƙo a gefen wani noti, gadon ya gusa daga mazauninsa.

Tayarod sanda ce miƙaƙƙiya, kuma an yi ta siririya. Ɗora ruler ko wani miƙaƙƙen ƙarfe a jikinta. Ƙirga zaren jikinta da noti ke hawa, wanda ya rage a waje, hagu da dama. In wani ya riga ya yi maka alaimen, ka ga ɓangare ɗaya zare ya fito da yawa ɗayan ya shige, to an ɓoye lanƙwasa ne da murzawa. Wata hanyar ganewa: daga tsakiya, ƙirga juyin sitiyari zuwa ƙarshen hagu, sannan zuwa ƙarshen dama. Ya kamata su zo ɗaya.

Shokozoba yana da wayo, lanƙwasarsa ba ta cika fitowa fili ba. Sa yatsa tsakanin taya da jikinsa, ka kwatanta da ɗaya ɓangaren. In tazarar ta bambanta, ko shi ne ya tanƙwaru, ko nokul, wato kakkauran ƙarfen da boris ke zaune a cikinsa. Ɗan danshin mai a jikin tsohon shokozoba ba abin tashin hankali ba ne, amma in mai ya gangaro ya jiƙa shi sharkaf, ya mutu. Buɗe bonet ka dubi inda kansa ke ɗaure, ka ga ko fenti ya tsage ko ƙarfen ya tattare. Idan ya tattare, magana ta wuce ƙafa ta shiga shasi, sai wurin da ke da injin ja da awo. Kafin ka sauke mota, leƙa robar shaf, wato sandar da ke kai ƙarfin inji ga taya, ko ta fashe tana watsa giris, da tiyon birki, da siririyar wayar ABS, na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki.

Na shida: gwajin titi

Sai in binciken baya bai nuna abin tsoro ba. Nemi miƙaƙƙen titi da sassafe kafin gari ya cika. Tun 1972 hannun dama muke bi a ƙasar nan, kuma ana gina titi da ɗan gangare zuwa gefe don ruwa ya sauka, saboda haka lafiyayyar mota ma takan zame dama a hankali. Wannan ba ja ba ne. A gudun kilomita 40 zuwa 50, sassauta riƙon sitiyari ba tare da ka ɗauke hannu ba. In cikin daƙiƙa biyu ko uku ta bar layinta, tana ja.

Rarrabe abu biyu. Idan mota na tafiya sak amma sitiyari a karkace, galibi to ne, kuma bayan bugu tayarod ake fara zargi. Idan tana ja gefe, kamba ne ko kasta, ko taya, ko birki da ke kamawa. Musanya tayoyin gaba, ta hagu ta koma dama. In jan ya juya ɓangare, laifin taya ne. In bai canza ba, ƙarfe ne. Ja da ke zuwa sai an taka birki, a duba birki da bushin. Bayan tafiyar, kusanto da bayan hannunka ga kowane wili, wanda ya fi sauran zafi sosai birkinsa ko borisinsa na da magana.

Kashe rediyo ka saurara. Rawar sitiyari da ke farawa wajen kilomita 80 zuwa 100 wili ne ko balansin. Gunji da ke ƙaruwa da gudu, yana sauya murya in ka karkata hagu ko dama, boris ne. Ƙas-ƙas-ƙas lokacin shan kwana shaf ne. Ƙwanƙwasa a kan ƙananan ramuka galibi linkej ne, wato 'yar sandar da ke haɗa ƙafa da ƙarfen hana mota tangaɗi, shi ne mafi arha a cikinsu. In ka fito daga shataletale sitiyari bai koma tsakiya da kansa ba, ko ya yi nauyi ta ɓangare ɗaya, a duba kasta, da kan shokozoba, da rak ɗin sitiyari.

Kada a manta da baya

Ka taɓa bin wata mota a titin Katsina ka ga tana tafiya a karkace, gindinta ya zame gefe? Ƙafar baya ce. Jiƙa daɓe da ruwa, ka wuce ta kai a miƙe, ka sauko ka dubi sawu. Sawun tayoyin baya ya kamata ya hau kan na gaba daidai a ɓangarorin biyu. Yawancin Corolla da ke yawo a gari, da Golf 3, ƙarfe guda ne ya haɗa tayoyinsu na baya, kuma ba shi da wurin saiti, in ya lanƙwashe sai canji. Accord da Peugeot 406 sanduna da yawa ne a baya, ɗaya kaɗai na iya tanƙwaruwa. A Hilux da sauran masu sifirin na faranti, a duba kusar tsakiya da ke riƙe farantan, in ta karye sai aksul ya zame.

A wurin alaimen

Je inda ke da injin kwamfuta mai auna tayoyi huɗu, ka gaya musu tun farko cewa bugu aka yi, kuma wace taya. Ka ce, "Oga, kafin ka taɓa komai, nuna min awon farko." Ɗauki hoton allon da wayarka. Kada ka tsaya a kan launin kore da ja da allon ke nunawa kawai, kwatanta hagu da dama. Kamba ko kasta da suka bambanta da fiye da rabin digiri tsakanin ɓangarorin biyu sun isa su sa mota ja, ko da kowanne shi kaɗai yana nuna kore. Yawancin injinan suna iya nuna wani awo da ake rubutawa SAI, wanda ke taimakawa a gane ko shokozoba da nokul ne suka lanƙwashe, ko mazauninsu ne ya gusa. Sai an juya sitiyari hagu da dama ake samunsa, shi ya sa mai gaggawa ke tsallake shi. Ka nema.

In aka ce za a faɗaɗa ramin noti da gurza don kamba ya shigo, kar ka yarda. Haka nan in aka ce za a gasa lowa-am, ko tayarod, ko nokul da wutar walda a miƙar. Na san kuɗi ne ke sa mutane yarda, kuma halin da ake ciki ba ɓoyayye ba ne. Amma ƙarfen da aka gasa ya rasa ƙarfinsa, ranar da zai karye kuwa ba a ƙofar gareji zai karye ba.

Idan za ka shiga Ƙofar Ruwa neman kaya, tafi da tsohon a hannu. Ɗan Kwatano mai kyau yakan fi sabo marar asali, sai dai ka tuna shi ma daga jikin wata motar aka ciro shi, wataƙila wadda ta yi haɗari. Ajiye shi a ƙasa mai daɓe, ka nemi irin shaidar ɓarewar tsatsar nan, ka murɗa boljoyin da hannu ka ji ko ya saki. Shokozoba ana canza shi biyu-biyu, hagu da dama. Wajen ɗaurawa, ka tabbata ba a ƙarasa matse notocin bushin ba sai an sauke mota nauyinta ya zauna a kan taya. In aka matse tana rataye, robar za ta zauna a murɗe, ba za ta yi ƙarko ba.

Sai yanzu a yi alaimen da balansin, a ba ka awon ƙarshe. In motarka na da na'urar hana zamewa kuma fitilarta ta kama, a sa kwamfuta a saita mata tsakiyar sitiyari. Bayan mako biyu ka tsuguna ka shafa saman kowace taya da tafin hannu, daga ciki zuwa waje, sannan daga waje zuwa ciki. In ta yi santsi ta ɓangare ɗaya, ta ɗayan kuma tana kartar hannu kamar haƙoran zarto, saitin to ne har yanzu bai zauna ba. Koma da hotunan awonka biyu, a sake ɗaga ta.